Turmin Bashir Wayam Yake

"Matso da wayar, idona ba ya gani sosai," in ji Gwaggo.

Jiya ke nan a tsakar gidanta a Zurmi, ina nuna mata hotunan ɗanta Bashir, wanda ke aiki a Abuja. Duk kaka tana roƙon ya zo gida, kullum amsarsa babu hutu.

To, bana hutu ya samu. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya kwashe su a mota mai sanyi zuwa "ƙauyen gargajiya" da aka gina musamman don baƙi. Tsarin ya haɗa da kwana a bukka, jan ruwa a rijiya, da daka.

Gwaggo ta daɗe tana kallon Bashir riƙe da taɓarya, yana murmushi.

"Mi yaka daka?"

Na ƙara girman hoton. Turmin wayam, ko ƙwayar gero babu.

"Na hoto ne, Gwaggo. Biya ake yi."

"Shi anka biya?"

"A'a, shi ya biya."

Ta dubi damman geron da ke jingine a bango.

"Kira min shi. Hwaɗa mishi ni ma na buɗe kamfani. Ga bukka, ga rijiya, turmina kuwa cike yake. Mai ɗaukar hoto kai ne."

Na kira. Bashir ya yi dariya har da tari, sannan muryarsa ta sauka, ya tambayi yadda hanyar Ƙaura zuwa Zurmi take kwanan nan. Ya ce ranar Juma'a yana tafe.

Gwaggo har ta ware masa dami guda.

Ku da iyaye ke jira a gida, wane kamfani ya kai ku hutun bana?