Hasumiyar Kwali

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanta zanen gine-gine, aka ce kowa ya zana ginin da yake ganin Bauchi ta rasa. Ni na zaɓi doguwar hasumiya, wadda mutum zai hau ya ga gari gaba ɗaya. Wata biyu na yi ina yankan kwali a ɗakina na haya a Yelwa. Na yi mata hawa goma sha biyu, da bangon gilashi ta kowace fuska.

Wata Juma'a na ɗauko ta a keke zuwa gidanmu a Fadaman Mada, don in nuna wa kakata, wadda muke kira Inna. A ruga ta tashi, wajen Gubi, kafin su zauna a gari.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, idan na hau, me zan gani?"

"Komai, Inna. Kasuwa, masallatai, duwatsu, har ruwan Gubi."

"A tsaye?"

Ko benci ɗaya ban sa ba.

Ta ƙwanƙwasa bangon da farce. "Wannan gilashin kuma, da azahar ɗin bazara ai gasa bayin Allah za ka yi kamar masara. Ina iska za ta bi?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma Yelwa na cire rabin gilashin, na sa bulo mai huji. Na yi wa ƙolin rumfa mai faɗi kamar malafa. Kowane hawa na ba shi wurin zama da randa, a ƙasa kuma wurin alwala. A jikin katangar da ake dogarawa a can sama na rubuta sunayen unguwanni, kowace a saitinta, don baƙo ya san abin da yake kallo.

Ranar kare aikin a gaban malamai, wani malami ya tambaye ni a wane littafi na samo dabarar iskar. Na ce a wurin kakata. Ya yi dariya, ya duƙa ya leƙa ta hujin bulon, ya ba ni maki mai kyau.

Ba a gina hasumiyar ba. Da na kai wa Inna labarin na ci jarrabawar, sai ta sa mini albarka, ta ce in wanke hannu, tuwo zai huce.