Dada Hadijatu da Tabaran Kifaye

Duk Kunduru an san Dada Hadijatu da abu biyu, ƙuli-ƙuli mai ƙaras-ƙaras da kuma taurin rai. Ta haifi 'ya'ya takwas maƙwabta ba su taɓa jin ƙararta ba. Ko kunama ce ta harbe ta, ka tambaye ta jiki, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi."

Da tafasasshen man gyaɗa ya kwarar mata a ƙafa, aka kai ta asibiti a Kankia. Wankin ƙuna kuwa azaba ne, sai dai ta cije leɓe. Ana nan sai ga wani ɗalibi daga Katsina, Zainul Abidin, da wani tabarau mai kauri. In aka ɗaura wa majinyaci, sai ya ga kansa tsundum a ƙarƙashin teku, kifaye na giftawa ta ko'ina. So yake ya auna ko yana rage raɗaɗi.

Dada, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce rafi ba, ta kamu da son abin. Tana can tana kora kifi da hannu kamar kaji, har a gama wankin ba ta sani ba.

Matsalar ita ce awon. In an wanke da tabarau, ya tambaye ta, ta ce da sauƙi. In an wanke ba shi, zufa na tsiyaya, ta ce da sauƙi.

"Dada," in ji shi, "duk tsofaffin ɗakin nan haka suke ce mini. In ban ga bambanci ba, za a ce ba shi da amfani, a mayar da shi Katsina."

"Yo mi zan ce, ɗan nan? In yi raki gaban sa'an jikana?"

Ta yini tana juya maganar. Kunya take ji ƙwarai, amma a gadon kusa da ita akwai wata mata da wankinta ya fi nata tsanani.

Washegari aka wanke mata ba tabarau. Da Zainul Abidin ya tambaya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Akwai zahi," ta ce. "Wallahi akwai zahi, kamar a zare mani rai."

Sai matar gadon kusa ta ce a hankali, "Ni ma, Dada."

Aka bar musu tabaran a asibitin. Dada ta warke ta koma bakin kaskonta, tana ba masu saye labarin teku.