Ƙwan Zabin Madam Sanatu

Madam Sanatu ta shekara goma sha tara tana koyar da 'yan aji biyu a Savelugu kafin korona ta rufe makarantu. Gajera ce, muryarta kamar ta mai tallar koko. Gidan rediyonmu ya ba ta rabin awa da hantsi don darasin lissafi. Ni nake rubuta sunan duk wanda ya bugo waya da amsarsa.

Manaja Wumbei ya kafa sharaɗi: in Juma'a ta wuce ba yara goma da suka amsa daidai, mai maganin basir zai karɓi lokacin.

Ranar Litinin ta ce, "An dafa ƙwan zabi goma sha biyu, ku uku ne a gida. Nawa kowa zai samu?"

Yara bakwai suka bugo da wayar iyayensu. Amsa ɗaya: ko ɗaya. Talata haka, Laraba haka.

Manaja ya leƙo. "Madam, ashe sifili kike koyarwa duk shekarun nan?"

"Wumbei, kai da ka maimaita aji biyu, ja mana ƙofa."

Ranar Alhamis wata yarinya, Napaga, ita ma ta ce ko ɗaya. Madam ba ta ce kuskure ba ne.

"'Yata, yaya kika lissafa?"

"Madam, ai ba a ba yaro ƙwai. Kaka ta ce ɓarawo zai zama. Baba shida, baƙo shida."

Sanatu ta dafe kai. Ita ma da wannan horon ta tashi, littafi ne ya mantar da ita.

"To, Kaka ta tafi suna Kumbungu, Baba yana gonar doya, ba baƙo. Nawa?"

Napaga ta yi ƙasa da murya. "Huɗu-huɗu. Amma sai mun binne ɓawon."

Ranar Juma'a ƙwai ya zama goma sha biyar, Kaka kuma ta tafi jana'iza. Yara ashirin da uku suka ce biyar-biyar. Sai wata tsohuwa ta bugo a fusace.

"Ke Sanatu, ƙwaina uku sun ɓace tun jiya!"

"Ayya, Kaka. Da can nawa ne?"

"Takwas."

"Saura nawa?"

"Biyar mana!"

Madam ta dube ni. "Rubuta ta, ta amsa daidai."

Na rubuta. Shirin mai maganin basir ya koma bayan la'asar. Har aka buɗe makarantu, Madam ba ta ƙara yin tambaya ba sai ta fara aika Kaka unguwa.