Fiffiken Jirgi da Gwiwar Baba

Baba bai taɓa shiga jirgin sama ba har Ubangiji ya kira shi, amma duk ƙauyenmu, nan kusa da Madakiya, babu wanda ya kai shi ra'ayi a kan yadda ya kamata a ƙera jirgin. Dattijon ikilisiya ne, manomi, mai taurin kai irin wanda na gada. A gida yarenmu muke yi, amma da gardama ta tashi sai ya juya Hausa, don da ita ya saba ka da mutane a majalisar coci.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in yayana, ɗa namiji tilo a gidanmu, ya gama sakandare ya sami gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Mama ta yi rawa a tsakar gida. Baba kuwa ya ce sai ya yi tunani, ya je ya tsaya gaban hoton jirgin da yayana ya manna a bangon ɗakinsa. Irin jiragen nan ne masu gudun tsiya, fukafukansu sun koma baya maimakon su miƙe.

"Wannan jirgi hannunshi ya karye," in ji Baba. "Kaza da an ɗaure mishi fiffike a baya, kasuwa ne za a kai shi. Ɗana ba zai shiga ba."

Ya yi kememe a kan haka. Mama ta kawo fasto, fasto ya sha kunu ya tafi. Yayana kuwa ya ce ba zai taka ƙofar gida ba sai Baba ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. Ranar tafiya tana ta matsowa, ni kuma haushi ya ishe ni, don ina son yayana ya tafi, ina kuma son in riƙa cika baki a tashar Kafanchan.

Yayana ya gwada yi wa Baba bayani da takarda da fensir, Baba ya yi hamma. Wata safiya muna gonar dawa mu uku muna huɗa, sai na ga yayana ya jingina garmarsa.

Kunyoyin gonar Baba dogaye ne, masu tudu, ko'ina an san su. Da can yakan ƙetare su kai tsaye, taku ɗaya kunya ɗaya. Amma a damunar nan ya koma bin su a karkace, yana haurawa a hankali kamar mai neman wani abu a ƙasa. Ni da Mama mun gani, mun san gwiwarsa ta dama ce, mun kama bakinmu.

"Baba, tsaya nan inda kake," in ji yayana. "Me ya sa ba ka haye kunyan nan kai tsaye ba?"

Baba ya dube shi kawai. Yayana, da yake maganar jirgi ta riga ta hau kansa, bai lura ba, ya ci gaba. Ya ce bayan fiffike yana da ɗan doro kamar kunyar gona, iska kuma dole ta haye shi. In jirgi yana tafiya a hankali, iskar da ke gaba tana samun labarin zuwansa, ta buɗa masa hanya. Amma in gudunsa ya kusa kai saurin da ƙara take tafiya, labarin ba ya riga shi isa. Sai iska ta cunkushe a kan doron, jirgi ya kama karkarwa, ya yi nauyi kamar ana jan sa ta baya.

"Shi ya sa aka mai da fiffiken baya. Iska ta same shi a karkace, sai doron ya zame mata dogo, marar tsayi, ta wuce ba faɗa. Kunyan bai rage ba, amma ƙafa ba ta ji shi sosai. Daidai yadda kake yi, Baba."

Ni ma a ranar na gane, kuma har yau ban ji wanda ya faɗe shi da kyau haka ba. Baba ya dubi kunyar, ya dubi sawunsa da suka bi ta a karkace.

"Na gane," ya ce. "Hannunshi bai karye ba. Wayo ne." Ya juyo ya dubi yayana. "Ashe ka ga ƙafana."

Sai a lokacin yayana ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya dubi gonar tun daga bakin rafi har gindin ɗorawa, ya dubi Baba, ya dube ni. Kaza da kasuwa duk zance ne. Tsoho ne da gona mai faɗi da gwiwa ɗaya, ga ɗa guda yana shirin hawa sama.

"Baba, na fasa," in ji shi. "Bari in zauna ko shekara biyu."

Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci kamar ranar ba. Ya saɓa garma, ya fuskanci kunyoyin kai tsaye, ya yi ta ƙetare su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gona. Ina jin numfashinsa daga inda nake. Da ya kai, ya juyo ya ɗaga murya.

"Wane ne ya ce maka ni na tsufa? Ka je ka shirya akwatinka."

Tun daga ranar har ranar tafiya, Baba bai sake bin kunya a karkace ba. Da yamma Mama takan dafa ruwa ta gasa masa gwiwar a bayan rumbu, inda yayana ba zai gani ba, yana cije baki yana ce mata ta yi a hankali. Ni ce mai gadi. Na yi ta jin haushin Baba, ina kuma ƙaunarsa.

A tashar Kafanchan Baba ya ɗora wa yayana hannu a ka, a gaban masu tallan rake da 'yan dako, ya yi addu'a mai tsawo har jirgin ƙasa ya yi kuka. Ya roƙi Ubangiji ya sa iska ta riƙa samun yaronsa a karkace. Wata mata da ke gefe ta ce amin, ba ta san kan zancen ba.

Washegari muka koma gona ni da Baba. Ya tsaya a gaban kunyar farko, ya waiga hanya kamar mai duba ko wani na kallo. Sannan ya miƙo mini garmar, ya dafa kafaɗata, muka haye ta a karkace.