Kujerar da Na Bari a Jar Mota

Da za a ba ni damar goge rana ɗaya a rayuwata, ba zan tsaya dogon tunani ba. Ranar da na fita daga jar motar da ɗana na fari ya yi haya domina, na koma motar kaya, ita zan goge. An yi shekara shida, amma har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi.

Ni direba ne. Firamare na gama, na shiga tasha, daga baya na samu aikin tuƙa manya a wata ma'aikata a Kano, na yi shekara talatin da ɗoriya ina yi. 'Ya'yana bakwai. Shida daga cikinsu na ɗora su a kafaɗa, na yi musu wasa, na kira sunayensu har muryata ta dushe. Na farin kuwa ban taɓa ba. Haka na taso na ga mahaifinmu yana yi wa yayanmu. Ɗan fari ana jin kunyarsa, ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a yaba masa a gaban mutane. In ina son magana da shi sai in ce "kai". In yana nesa in aiki ƙaninsa ya kira shi. Da ya gama digirinsa na uku a Malesiya sai na samu sauƙi, na koma ce masa Dakta.

Bayan ya gama karatun sai jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa, a Kuala Lumpur, wajen titin Jalan Semarak. Shi ya aiko mini da tikiti, na zo na sauka a gidansu a unguwar Cheras, bene hawa na goma sha huɗu. Sati biyun farko ina falo yana ɗaki, in ya fito falo in koma baranda ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa. Matarsa ce abokiyar hirata, ita da jikokina mata biyu da in na yi musu Hausa suke amsa mini da Turanci.

Wata Juma'a bayan mun dawo daga masallaci ya tsuguna a gefena ya ce, "Baba, gobe za mu hau tsaunukan Cameron, inda ake noman ganyen shayi. Kwana ɗaya za mu yi."

Na ce, "Da yaran?"

"A'a. Motar ba ta ɗaukar mutum uku."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, gobe kai ne Oga. Yau shekara nawa kana buɗe wa mutane ƙofa? Ka bari a buɗe maka."

Na yi dariya saboda ita ce ta faɗa.

Da safe muka je wurin da ake tashi. Akwai masu shirya irin wannan yawo: su ba da hayar motocin tsere, a yi jerin gwano a hau dutse, wata farar motar kaya tana biye a baya da jakunkuna da makanike. Motoci takwas na ƙirga. Tamu ja ce, ta kwanta a ƙasa kamar kada, kujera biyu tak. Na tuƙa motocin manya iri-iri, amma ban taɓa sa hannu a irinta ba. Na zagaya ta, na duƙa na duba tayar, na shafa fitilar. Da aka tayar da injin na ji shi a ƙirjina. Na so ta, ba zan yi ƙarya ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wannan ai almubazzaranci ne."

Ya buɗe mini ƙofa na shiga. A Malesiya sitiyari a dama yake, saboda haka kujerar da na zauna ita ce ta hagu, inda na saba zama shekara talatin. Hannuwana suka rasa abin riƙewa. Kafaɗarsa kuwa saura kaɗan ta taɓa tawa. Tunda aka haife shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba, ba kowa sai mu biyu.

A kan babban titi ya yi ta ƙoƙarin jan hira.

"Baba, wace mota ka fara tuƙawa?"

"Na manta."

"An ce ka taɓa hawa Mambila da damina a motar da ba ta da giya ta biyu."

"Wa ya ce? Duba gabanka."

Ban manta motar ba, kuma labarin Mambila gaskiya ne. Na ba wa ƙannensa shi ya fi sau ashirin, daga bakinsu ya ji.

Daga garin Tapah muka bar babban titi muka fara hawa. Hanya ce siririya, kwana kan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan, ga daji kore shar har ya rufe sama. Ruwa yana zubowa daga jikin duwatsu. Wani wurin gajimare ya sauko har kan kwalta, sai fitilun motar gaba kawai ake gani. Ina kallon hannunsa ta gefen ido. Yana rage gudu kafin kwana, ba ya taka birki a tsakiyarta, yana barin giya ta riƙe motar. Tuƙi mai kyau ne, irin wanda da yaron mota ne ya yi shi a gabana da na ce masa ya isa. Ni dai ƙafata tana ta taka birkin da babu shi a gabana, bakina yana cewa, "Ka matse dutse da yawa."

Aka tsaya a wani shagon shayi da ke kallon gonakin. Sanyi ya shiga mini riga, ya ciro jaket daga bayan kujera ya miƙo mini. Sauran matafiyan suka taru, yawancinsu 'yan China da Malay, masu hannu da shuni, wasu da matansu. Wani mai furfura ya tambaye shi ni wane ne. Turancina ba shi da yawa, amma na direban manya ne, na ji abin da ya ce. Ya ce, wannan mahaifina ne, direba ne shekara talatin bai taɓa buge ko akuya ba, da sitiyari ya yi mana karatu mu bakwai, yau ni nake tuƙa shi. Suka tafa. Wata mata ta karɓi wayarsa za ta ɗauke mu hoto. Ya matso ya ɗora hannunsa a kafaɗata.

Na ture hannun. Turewa ta sosai, har shayin da ke ɗayan hannunsa ya zube masa a riga.

Na ce da Hausa, "Ni sa'anka ne? Ka kawo ni gaban mutane kana nuna ni kamar biri?"

Ba wanda ya ji Hausa a wurin, amma ba wanda bai gane ba. Matar ta sauke wayar. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba."

Da a nan na tsaya, da wataƙila hanya ta gyara mu. Da aka ce a tashi, sai na wuce jar motar, na je na buɗe ƙofar farar motar kaya na shiga kusa da makanike. Ya biyo ni har taga.

"Baba, saura awa ɗaya mu kai."

"Je ka. Waccan tana sa ni ciwon baya."

Ya tsaya kaɗan. Sai ya koma ya ɗauko ledar dambun naman da matarsa ta haɗa mana, ya miƙo mini ta taga, ya tafi.

Tamu ce ta ƙarshe a jerin, don haka motar kayan tana bayanta kai tsaye. Awa ɗaya ina kallon ƙeyarsa ta gilashin baya, da kujerar hagu ba kowa. Kowace mota mutum biyu, tasa ce kawai mutum ɗaya. Makaniken, wani dattijo Ba'indiye mai gashin baki, ya nuna ta da haɓa ya ce da Turanci, "Ɗanka ne?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Ya iya kwana." Na ce, "Ya iya." Shi na iya faɗa wa.

A masauki ni da Dakta muka yi sallolinmu tare, shi ya ja. Washegari ya sake buɗe mini ƙofar jar motar. Na ji kunyar komawa bayan abin da na yi, sai na sake shiga motar kaya. Haka muka sauko har Kuala Lumpur.

Matarsa ta tarye mu da murna. "Oga, yaya direban? In sallame shi ko a ƙara masa albashi?" Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta koma kicin. Bayan kwana biyu na raka ta kasuwar Chow Kit sayen kifi, a hanya ta ce, "Baba, zan yi rashin kunya, ka yafe mini. Ba motar yake so ba. Da gangan ya nemi mai kujera biyu. Cewa ya yi, a gida in ya shigo kana fita, a mota kuwa ba inda za ka je. Sau biyu yana bin hanyar nan da tsohuwar motarmu don kada ka ga aibin tuƙinsa."

Na riƙe mata ledar kifi har gida. Sati ya zagayo na koma Kano ban ce masa komai ba.

Bara ciwon suga ya dawo da ni nan, yanzu a gidansa nake zaune. Ba abin da ya rage ni da shi. Shi yake kai ni asibiti, shi yake tuna mini lokacin magani, yana tsugunawa ya gaishe ni safe da yamma. Amma tambayoyin nan sun ƙare. In za mu fita, ƙofar baya yake buɗe mini, kamar yadda nake yi wa manya.

Wata biyar da suka wuce, muna zaune a mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benenmu, muna jiran a ɗaure mana abinci, na daure na ce, "Ranar da muka hau dutsen nan, ban kyauta maka ba."

Ya ce, "Haba Baba, ai ya wuce."

Na ce, "Tuƙinka ya yi kyau. Ka fi ni iya kwana."

Ya yi murmushi yana kallon tebur.

Na ce, "In da hali, ina so mu sake zuwa. Mu biyu."

Ya ce, "In sha Allah, Baba, in an samu hutu."

An yi hutu biyu tun daga ranar. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban ga bakin da zan matsa masa ba. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Wataƙila za mu je, wataƙila ba za mu je ba.

Ban ce iyayenmu ba su san abin da suke yi ba da suka koya mana kunyar ɗan fari. Amma ni na riƙe ta har na wulaƙanta mutumin da ya ƙetare teku, ya girma, ya haifi nasa, yana neman awa huɗu kawai da ubansa. Ina roƙon duk uban da ya karanta wannan, in ɗanka ya nemi ya zauna kusa da kai, ka zauna. In ya tambaye ka wace mota ka fara tuƙawa, ka faɗa masa tun yana tambaya.