Agogon da Ke Barci Lokacin La'asar

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Sau biyu ina farawa ina yage takardar, don karatuna a aji shida ya tsaya, wanda kuma zan yi magana a kansa ƙanin matata ne, mai takardar shaidar kwamfuta a rataye a bangon shagonsa na Makarfi. Amma rani biyu ya wuce, abin ya ƙi barin zuciyata.

Mu huɗu ne muka haɗa injin ban ruwa ɗaya a fadamar Likoro. Kowa awa guda, daga bayan Azahar. Kududdufin da muke ja ƙarami ne, kafin na ƙarshe ya gama ruwan ya fara zama laka. Ni ne na uku, awata tana faɗawa kan La'asar. Na huɗu wani dattijo ne daga Malikanchi da ya ari fili ya shuka attarugu. Ni aka ba riƙon lokaci, wai saboda ina da tsoron haƙƙi.

Agogon hannuna ya mutu a farkon ranin. Da ƙanin matata ya ji, sai ya ce, "Yaya, a zamanin nan kake neman agogon hannu? Kawo wayarka, zan gina maka naka da Hausa."

Na zauna kusa da shi yana danne-danne, yana kaɗa kai kamar mai duba marar lafiya. Ya yi mini maɓalli uku: Fara, Tsaya, Goge. Ya ɓata rabin yini yana zaɓen launin da ya dace da Fara. Na tambaye shi yadda abin ke sanin lokaci, ya ce ƙirga yake yi, ɗaya bayan ɗaya, duk daƙiƙa. Na ce idan ya yi kuskure fa?

"Kwamfuta ce, Yaya, ba bawan Allah ba ce irinka."

Daga baya na ji kowace waya da irin agogon nan take zuwa. Injiniyan namu bai ga dalilin faɗa mini ba.

Ni mutum ne mai wasiwasi. Idan na danna Fara, wayar tana hannuna, ina taɓa fuskarta kada ta yi duhu. Lokaci ɗaya nake saka ta aljihu: idan na tafi alwala da sallar La'asar a gindin mangwaro, in ɗan yi lazimi. Wato cikin awata.

Tumatirina ya yi kyau har ana tsayawa kallo. Attarugun dattijon ya fara zubar da fure. Wata rana ina miƙa masa tiyo, ya nuna mini wani kara da ya kafa a bakin kwami, da zane-zanen da ya yi a ƙasa inda inuwarsa ke kaiwa.

"Malam, awarka tana da ƙiba," ya ce.

Na ce, "Baba, ga waya nan, duba da kanka."

"Ban iya karanta ta ba. Inuwa na iya."

Sai na yi dariya, har na ce wa sauran wai kara zai yi gardama da kwamfuta. Dariyar nan ita ce ta fi damuna yau.

Bayan dattijon ya kwashe ɗan abin da ya samu ya tafi, na gwada a gida. Na danna Fara, na saka wayar aljihu, ina kallon agogon bango. Minti goma ya cika, na ciro ta. Ko minti ɗaya ba ta ƙirga ba.

Ranar kasuwa na sami ƙanin matata a shago.

"Injiniya, agogonka barci yake yi."

"Ba laifina ba ne, Yaya. Idan fuska ta mutu, wayar ce ke dakatar da ƙirgar don ta tattala caji. Kowa ya san wannan."

"To me ya hana ka rubuta lokacin da aka fara, in an gama ka ɗebe shi daga lokacin da ake ciki? A aji huɗu aka koya mana ɗebewa."

Ya sosa gemu. "Dama abin da nake shirin yi ke nan."

Kafin shayin da ya aika a kawo mini ya huce, ya gyara. Har ya tambaye ni ko ya canza launin Fara. Attarugu bai ko shigo bakinsa ba.

Na je Malikanchi neman dattijon, aka ce ya koma wajen 'yarsa ta gefen Ikara, ba wanda ya san unguwar. Don haka nake roƙon masu karatu. Duk wanda ya san wani tsoho dogo, mai tabon ƙuna a hannun hagu, da ya yi noman attarugu a Likoro, ya taimaka ya sanar da ni. Masu ilimin waya kuma, ko tana ajiye lokutan da fuskarta ta mutu a wani wuri? Ina so in san minti nawa na sha daga ruwansa kafin in tsaya gabansa.