Garin da Ba Shi da Ganuwa

A farkon shekarun saba'in ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a unguwar Harlem ta birnin New York, a nan kuma na ga yarinyar da na so in aura. Nas ce, 'yar wani ƙaramin tsibiri a tekun Karibiyan, wanda in ka neme shi a taswira sai ka ɗauka ƙuda ne ya yi kashi. Kakarta ce ta rene ta, ta kawo ta New York tana ƙarama, suna zaune a Tompkinsville, tsallaken ruwa. Na so ta so na gaske, har nakan bar abincin rana in je in tsaya bakin lif ɗin hawa bene ko Allah zai sa ta fito.

Maganar addini ba ta ba mu wahala ba, malaminmu ya ce ahlul kitabi ce. Saura mahaifina a Kano. Wani mai komawa gida ya kai masa maganar, wani mai zuwa ya kawo amsa: bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ya danƙa komai a hannun amininsa Alhaji, mai aiki a ofishin jakadancinmu a nan New York. A binciki asali. In Alhaji ya ce i, to an yi aure.

Alhaji Bakano ne na cikin birni, wanda a wurinsa duk abin da ke bayan ganuwa ƙauye ne, har da New York ɗin. Aikin ofis kuma ya ɓata shi, ko shayi zai sha sai ya kafa kwamiti. Ya ɗauko wani mutumin Maraɗi da ke aiki a ofishin ƙasarsu, da wani ɗan Zangon Kumasi direban tasi, wanda ya taɓa aikin jirgin ruwa. Aka zauna a falonsa, aka buɗe taswira. Sai da ya sa tabarau biyu kafin ya ga tsibirin.

"Wannan ne?" in ji shi. "Kai yaro, duk faɗin duniyar Allah ka rasa inda za ka nemo aure sai kan ɗigo? Suna da ganuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ya kewaye su."

"Sarki fa?"

Na ce ban taɓa jin an ambata ba.

Mutumin Maraɗi ya kaɗa kai. "Bon, garin ga babu ganuwa, babu sarki. To mi za mu bincika?"

Duk da haka aka sa rana, wata Lahadi bayan an taso coci. Zuwa Tompkinsville sai an hau feri. Alhaji, wanda ya ɗora kwat ɗin sanyi a kan babbar riga, ya damƙe benci da hannu biyu tun kafin jirgin ya motsa, bai kuma daina addu'a ba sai da muka taka ƙasa. Yana sauka ya gyara hula ya ce iskar ruwa ba ta da lafiya.

Tsohuwar ta karɓe mu a falonta, doguwa baƙa, ta ɗaure kai da ɗankwali, muryarta kamar ta mai kiran yara daga nesa. Ta ajiye mana kifi da dafaffiyar ayaba da lemon citta mai yaji. Yarinyar tana kicin, ina jin motsinta. A bango akwai hoton garinsu, wanda rana ta cinye launinsa.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya tambaya da Turancinsa na ofis wane ne ya sari garin.

Ashe abin da take jira ke nan. Ta miƙe ta nufi hoton. Titi ɗaya ne a garin, ya taso daga bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, ya hau tudu ya ƙare a ƙofar coci. Babu kogi, babu rijiya, kowane gida yana da kududdufin siminti da ke tare ruwan sama. A kan tudu akwai wata tsohuwar igwa da Faransawa suka kafa don korar Ingilishi, Ingilishi suka ƙwace ta suka juya bakinta don korar Faransawa, ba a kuma taɓa harba ta ba, yanzu awaki ke kwana a gindinta. Kakanninsu an kawo su ne daga Afirka don noman auduga. Da aka 'yanta su suka yar da fartanya suka koma sassaƙa jiragen ruwa, har yau kowane gida da irin yankan goshin jirginsa, daga nesa ake gane na wane ne. Guguwa ta taɓa share garin, suka sake gina shi a kan titin nan ɗaya.

Alhaji ya karkato ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Kun ji ko? Bayi ne."

Ɗan Zango ya tsame ƙaya daga bakinsa. "Yoo, Alhaji. Amma ka yi hankali paa. In tsohuwan nan ya tambaye ka wa ya sai da su, ni babu ruwana."

Alhaji bai sake tayar da wannan magana ba. Da tsohuwar ta ce in an haifi yaro ana binne cibiyarsa a dasa kwakwa a kai, har ya yi murmushi ya ce mu ma muna binnewa a cikin gida. Da ta nuna inda jirgin kakanta ke tsayawa, mutumin Maraɗi ya ce, "Voilà, sana'ar gado ce wagga." Na ga kwamiti ya fara laushi. Alhaji ya raɗa mini cewa teku ma ai wata irin ganuwa ce, za a iya yi musu uzuri. Daɗi ya kama ni.

Yana shirin yin addu'ar tashi sai tsohuwar ta koma kujerarta ta ce saura nata. Babu wanda ya zo da shirin wannan. Mu a tunaninmu mu ne masu bincike.

Ta tambayi nisan garinmu da teku. Alhaji ya washe baki, an zo inda yake so. Ya ce Kano ba ta san wani abu wai shi teku ba. Ya ce sai mutum ya kwana ya wuni ya sake kwana a jirgin ƙasa kafin ya ga ruwan gishiri, akwai dattawan da suka haihu suka yi jikoki suka mutu ba su gan shi ba, ba su kuma yi asarar komai ba. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafarsa ya ci gaba.

Ta nuna wani gangare a hoton, bayan coci, mai fararen duwatsu. Maƙabartarsu ce, kowane kabari yana kallon ruwa. Ta ce duk ɗan garin da ya mutu, ko a ina ne, gida ake mayar da shi. Mijinta a nan New York ya rasu cikin tsakiyar sanyi, ita ta raka akwatinsa a jirgin ruwa har can. "Ba mu taɓa barin namu a ƙasar wasu ba," in ji ta. Sannan ta tambaya, in jikarta ta rasu a garinmu, yaya ake yi?

Wallahi da ya yi shiru da na san abin da zan ce. Amma Alhaji ya gyara zama kamar mai jawabi a zauren taro. Ya ce mu ba ma wahalar da gawa. In mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Babu akwati, babu dutse, babu suna a kai, sarki da talaka duk ɗaya.

"To kafin labari ya iso mu fa?"

"Ai Madam, kafin nan an yi sadakar uku."

Ya faɗi haka yana kallonmu, yana jiran yabo. Motsin kicin ya tsaya. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, ba da ƙiyayya ba, har ta ce na yi kama da yaron kirki. Sannan ta ce a'a. Ta sa aka ƙunsa mana sauran kifin.

Washegari na tare yarinyar a asibiti. Na ce zan zauna a New York, zan rantse, zan yi duk abin da ake so. Ta ce ta san zan rantse, ta kuma san ranar da mahaifina ya kira ni zan tafi. Ta ce ita ma ta raka akwatin kakanta tana ƙarama, ta ga wurin da aka bar mata ita ma kusa da kabarin mahaifiyarta. Ta yi kuka, na yi kuka, a gaban masu jiran a ɗebi jininsu.

Alhaji kuwa ya aika gida cewa kwamiti ya yi bincike mai zurfi, ya gano mutanen ba su da ganuwa, ba su da sarki, saboda haka mun janye. Bayan watanni wani ɗalibi ya zo daga Kano da saƙon mahaifina: ƙullin kilishi, da sabuwar hula, da albarka mai yawa, wai na yi hankali da na ji maganar manya na ƙi ta. Har mahaifina ya rasu abin da ya sani ke nan, yana kuma ba da labarina a zaure in ana maganar 'ya'ya masu biyayya.